Yadda Ake Tsara Lambun Gida a Ƙasa Mai Zafi da Ƙarancin Ruwa

Kowace shekara, daga watan Mayu zuwa Yuli, kayan miya sukan yi tsada har uwar gida ta riƙa ƙirga tumatir ɗai-ɗai kafin ta jefa a tukunya. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Tumatirin rani na Kadawa da sauran wuraren ban ruwa ya ƙare, na damina kuwa bai iso ba. A irin wannan lokaci ne yara da yawa suke yin makonni ba su ga ɗanyen ganye a kwanonsu ba, kuma rashin ganye da 'ya'yan itatuwa yana cikin abubuwan da ke kawo dundumi da ƙarancin jini. Gidan da yake da kwami uku ko huɗu a bayan ɗaki, da zogale biyu a gindin danga, ba ya jin wannan tsada kamar yadda maƙwabcinsa yake ji.

Idan muka ce wa ɗalibai su zana lambu, yawancinsu sukan zana irin wanda suka gani a littattafan Ingila: filin ciyawa kore shar a tsakiya, furanni a gefe, dogayen kunyoyi a buɗe suna kallon sama. Wancan tsari na ƙasar da ruwa yake sauka kusan kowane wata ne, inda mai lambu yake neman rana ido rufe. Mu namu akasin haka ne. Rana ta yi mana yawa, ruwa ne babu. A Kano ruwan shekara yakan kai milimita 800 ko fiye, a Sakkwato da Maiduguri wajen 600, a Damagaram kuwa wajen 400, kuma kusan dukansa a cikin wata huɗu yake sauka. Sauran wata bakwai ko takwas ko ɗigo. A watan Afrilu zafin rana yakan wuce digiri 40 a waɗannan garuruwa. Saboda haka dole mu tsara namu lambu da namu lissafi.

RUWA NE YAKE YANKA WA LAMBU GIRMANSA

Kuskuren da aka fi yi shi ne a dubi fili a ce, "Wannan wuri duka zan mai da shi lambu." Ba da fili ake farawa ba, da ruwa ake farawa. Wanda ya share fili mai girma a watan Nuwamba, lokacin da rijiya take cike, shi ne zai tsaya yana kallon shukarsa tana ƙonewa a watan Maris.

Ga lissafin, kuma ba shi da wuya. Fili mai tsawon mita 1 da faɗin mita 1, idan ganye ya rufe shi, yana shan ruwa wajen lita 5 a rana a lokacin hunturu. Da bazara yakan sha lita 7 ko 8. To, a ce mun yi kwami huɗu, kowane mita 3 tsawo, mita 1 faɗi. Jimilla murabba'in mita 12 ke nan. Da hunturu za su sha lita 60 kullum, wato jarka uku mai cin lita 20. Da bazara sai an kai jarka biyar. Yanzu sai mai gida ya tambayi kansa: a watan Afrilu, bayan an ɗebi na sha da na girki da na wanka, zan iya samun jarka biyar kowace rana? Wa zai ɗauko? Idan a hannun 'yan garuwa za a saya, nawa ke nan a wata? In amsar ba ta yi daɗi ba, sai a yi kwami biyu. Kwami biyu da suka ƙoshi sun fi shida masu ƙishirwa ba da ganye. Da ma Hausawa sun ce daidai ruwa daidai tsaki.

Akwai ruwa iri biyu da muke bari suna wucewa a banza. Na farko shi ne ruwan rufi. Milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 daidai yake da lita 1. Ke nan ɗaki biyu masu rufin kwano na murabba'in mita 50, a garin da ake samun milimita 600, suna zubar da lita 30,000 a shekara, wato jarka 1,500. Babu gidan talaka da yake da wurin ajiye wannan ruwa duka, kuma ba ma cewa ruwan Agusta zai kai mutum Afrilu. Amma ganga biyu ko tanki a ƙarƙashin indararo suna raya dashe idan ruwa ya ɗauke na mako biyu a farkon damina, suna kuma ƙara wa lambu 'yan makonni a watan Oktoba. Wanda ya fi ƙarfin ganga kuwa, sai a yi masa 'yar hanya zuwa gindin itatuwa, ya nutse a cikin gida maimakon ya bi rariya ya cika titi. Ƙasa ma randa ce. Sai dai kowace ganga a rufe ta ruf, domin sauro yana ƙyanƙyasa a ruwan da ya kwana mako guda a buɗe, kuma ƙaramin yaro yana iya faɗawa ciki da ka.

Na biyu shi ne ruwan da aka riga aka yi aiki da shi. Ruwan wankin shinkafa, da na wankin kayan miya, da na ɗaurayar kwanuka, duk suna da kyau ga kowace shuka. Ruwan wanka da na wanki kuma na itatuwa ne, irin su lemun tsami da gwanda da zogale, a zuba a ƙasa a gindinsu. Kada a zuba shi a kan latas ko wani ganyen da ake ci ɗanye. Garin sabulu yana da gishiri, kuma idan aka dinga zuba ruwansa a wuri ɗaya, ƙasa takan yi fari-fari kamar an barbaɗa kanwa, shuka ta tsumbure. In an ga haka sai a sauya wuri, a bar ruwan damina ya wanke.

Wannan lissafi shi ne zai nuna mana inda lambun zai zauna. A sa shi kusa da ruwa da kuma kusa da madafa. Lambun da yake can ƙarshen fili, inda sai an yi tafiya da bokiti, ba ya wuce wata biyu ana kula da shi. Wanda uwar gida take gani daga bakin murhu kuwa, da ganye ya yi yaushi za ta lura.

RANA DA ISKA

Kafin a sa fartanya a ƙasa, ya kamata a yi kwana ɗaya ana kallon inuwa: da ƙarfe 8 na safe, da tsakar rana, da ƙarfe 3 na yamma. Ranar safe abokiyar shuka ce. Ranar da take yin ɓarna ita ce ta bayan azahar, wadda take zuwa daga yamma lokacin da ƙasa da iska sun riga sun yi zafi. Don haka wuri mafi kyau shi ne gabashin ɗaki, ko gabashin bishiya, ko gabashin katanga, inda shuka za ta sha rana awa biyar ko shida tun daga safe, sa'an nan inuwa ta rufe ta. Inda babu irin wannan wuri, sai a kafa rumfa ta kara a yammacin kwami, a bar soso ko wake ko kabewa su hau ta. Rumfar ta ba da inuwa, ta kuma ba da abinci.

Ga wani abu da masu son lissafi za su ji daɗinsa. Garuruwanmu suna wajen digiri 12 arewa da tsakiyar duniya. Saboda haka rana takan tsaya daidai tsakar ka sau biyu a shekara, wajen ƙarshen Afrilu da wajen tsakiyar Agusta. Daga Satumba zuwa Maris tana karkata kudu. A watan Disamba, katanga mai tsayin mita 2 tana jefa inuwa ta kusan mita ɗaya da rabi zuwa arewa ko da tsakar rana. Wanda ya dasa tumatir ɗinsa a gindin katangar kudu, to, ya dasa shi cikin inuwa a lokacin da tumatir ya fi bukatar haske. Wannan wurin na latas ne da renon iri.

A lura kuma da abin da yake kewaye da kwami. Daɓen siminti da shingen kwano suna ɗaukar zafi su mayar wa shuka, har bayan faɗuwar rana. Katangar ƙasa kuwa ba ta son ban ruwa a gindinta. A bar aƙalla mita 1 tsakaninta da kwami, in ba haka ba danshi zai ci tushenta, a sami alayyafo a rasa katanga.

Iska tana zuwa mana ta fuska ɗaya sau biyu. Hunturu yana busowa daga arewa maso gabas, busasshe, yana tsotse ruwan ganye. Guguwar farkon damina ita ma daga gabas take tasowa. Ke nan arewa da gabas su ne gefen da ake karewa. Amma a yi shingen gabas gajere, ko a ja shi baya kaɗan, don kada ya tare ranar safe. Shingen da iska take ɗan ratsawa, kamar dangar kara ko zana, ya fi katanga toshe amfani, domin iskar da ta bugi katanga takan tsallaka ta faɗo a bayanta tana juyi. Shinge yana kare fili mai nisan kusan ninki goma na tsayinsa. A kwarin Majiya, cikin jihar Tawa ta Nijar, tun daga 1975 aka fara dasa dogayen layuka na darbejiya don tare iska, kuma manoman wurin sun ga hatsinsu ya ƙaru a bayan layukan.

Sai dai abin da ya dace da gona ba lallai ya dace da tsakar gida ba. Darbejiya tana da kyau a ƙofar gida, amma saiwarta tana tafiya nesa tana neman ruwa, kuma duk inda ake ban ruwa za ta same shi. Bishiyar turare ta fi ta ma haɗama. A nisanta su da kwami. Lalle ya fi dacewa da shingen lambu, ga shi mata suna bukatarsa. Bini-da-zugu dabbobi ba sa cinsa, amma 'ya'yansa guba ne, don haka ba mu ba da shawararsa a gidan da yake da ƙananan yara. Idan kuwa an tarar da kututturen magarya ko kalgo ko sabara yana tofo a gefen fili, kada a yi saurin tumɓuke shi. A zaɓi rassa uku ko huɗu masu ƙarfi, a sare sauran. Wannan ita ce dabarar da Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya, ya fara yaɗawa tare da manoman Maraɗi a 1983, wadda ake kira sassabin zamani. Kututture yana da tsohuwar saiwa da ta riga ta kai ga danshi, don haka yana girma ba tare da an ba shi ko moɗa ɗaya ba.

KWAMI, RAMI DA TULU

A littattafan ƙasashen ruwa ana koyar da a ɗaga gadon shuka sama. Mu da rani ƙasa ake yi da shi. Masu lambun fadama sun daɗe da sanin haka, shi ya sa suke yin kwami: wuri mai ɗan zurfi, kamar santimita 10, da 'yar ganuwa kewaye, ruwa ya tsaya inda aka zuba shi, iska kuma ta wuce ta sama. Faɗinsa kada ya wuce mita 1, don hannu ya kai tsakiya ba tare da an taka ciki ba. Da damina sai a juya tsarin, a ta da kunya, domin ruwan Agusta yana ruɓar da saiwa idan ya kwanta.

Ƙasar yawancin gidajenmu jigawa ce, ruwa yana bi ta cikinta kamar rariya. Maganinta ruɓaɓɓen taki. Bokiti ɗaya ko biyu a kowane murabba'in mita, a cuɗa shi da ƙasa har zurfin tafin hannu biyu. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona shuka, sai ya ruɓe tukuna. A ƙasarmu ramin taki ya fi tsibi, gama tsibi bushewa yake yi kafin ya ruɓe. A haƙa rami a inuwa, a riƙa zuba kashin awaki da shara da ɓawon kayan miya da ɗan toka, ana yayyafa ruwa, ana juyawa. Cikin wata biyu ko uku zai yi baƙi, ya daina wari. Takin juji kuwa sai an tace shi, don yanzu cike yake da leda da fasassun kwalabe da matattun batura.

Bayan shuka ta tsiro, a lulluɓe ƙasa da busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa ko ɓuntun shinkafa, kaurin yatsu uku. Duk wanda yake shakka, ya sa tafin hannunsa a kan tsirarar ƙasa da ƙarfe 2 na rana a watan Maris, sa'an nan ya cusa shi a ƙarƙashin ciyawa. Gara za ta zo, gaskiya ne. A janye ciyawar kaɗan daga jikin shuka, a kuma nisanta ta da ginin ƙasa. Amma gara ba abokiyar gaba ba ce a ko'ina. A lardin Yatenga na Burkina Faso, Yacouba Sawadogo, wanda ya rasu a 2023, ya farfaɗo da fako da ƙananan ramuka da ake kira zai: faɗin santimita 20 zuwa 30, zurfin wajen 15, a zuba taki cike da hannu a kowane. Gara tana bin takin, tana huda ƙasa, ruwan sama yana bin hudojinta ya nutse. A 1989 wasu manoman Illela ta jihar Tawa suka je suka gani, suka kawo dabarar gida, inda ake kiranta tassa. Duk wanda bayan gidansa ya zama fako, da irin wannan rami zai shuka kubewa da kabewa da yakuwa.

Dabarar da muka fi so ga mai ƙarancin ruwa ita ce ta tulu. A sami tulun ƙasa wanda ba a shafe shi da siminti ko fenti ba, a binne shi har wuya, a cika shi da ruwa, a rufe bakinsa. A dasa tumatir ko barkono huɗu kewaye da shi, tazarar tafin hannu ɗaya ko biyu. Ruwa yana tsattsafowa ta jikin tulun a hankali, kai tsaye zuwa saiwa, kuma idan ƙasa ta jiƙe tsattsafowar takan ragu da kanta. Bayan kwana biyu ko uku a ƙara ruwa. An rubuta wannan dabara a ƙasar Sin fiye da shekara 2,000 da suka wuce, ga shi kuwa kowace kasuwar ƙauye tana da masu ginin tukwane. Wanda ba shi da tulu, ya yi ban ruwa da sassafe ko da yamma lis, a gindin shuka, ya zuba sosai har ya nutse. Yayyafi sama-sama sau uku a rana yana koya wa saiwa zama a fatar ƙasa, inda zafi zai kashe ta.

KOWACE SHUKA DA LOKACINTA

Tumatir ɗan hunturu ne. A reni irinsa a ƙarshen Satumba ko Oktoba, a dasa bayan mako huɗu, a ci daga Janairu zuwa Maris. Idan zafin rana ya haura digiri 35, dare kuma bai yi sanyi ba, furensa zubewa yake yi ba tare da ya ƙulla ɗa ba. Wanda ya dasa a Fabrairu zai sami ganye mai kyau, ba zai sami tumatir ba, kuma ba taki ne ya gaza ba. Albasa da karas da kabeji da latas su ma 'yan sanyi ne.

Da bazara ta kama sai a rage lambu da gangan. A bar rabin kwami su huta a ƙarƙashin ciyawa, a tara ruwan a kan masu jimiri: alayyafo, rama, lalo, kubewa. Zogale kuwa shi ne ginshiƙi. A datse shi a tsayin ƙugu duk lokacin da ya miƙe, don ya yi rassa da yawa inda hannu yake kaiwa. Ganyen da ya yi yawa a shanya shi a inuwa, domin rana tana rage masa amfani. Kuka ma ba dole a jira ta zama babbar bishiya ba. A yankin Segu na ƙasar Mali ana shuka ta a kwami, kusa da kusa, ana tsinkar ganyenta tun tana 'yar wata kaɗan. Sai dai irinta yana da tauri, sai an jiƙa shi a ruwan zafi ko an ɗan kankare ɓawonsa kafin ya tsiro. Itatuwan marmari, kamar lemun tsami da gwaiba da rumman, a dasa su a ƙarshen Yuni ko farkon Yuli, bayan damina ta zauna, don su kafa saiwa kafin ruwa ya ɗauke. Mangwaro sai gida mai faɗi.

Game da maɓarnata, akuya ce ta farko, kuma maganinta ƙofa mai rufuwa. Kaji da ƙadangaru suna cinye sabon tsiro, sai a kifa ƙaya ko tsohon gidan sauro a kai. Kada a maimaita tumatir ko kubewa a kwami ɗaya shekara bayan shekara, saboda ƙananan tsutsotsin ƙasa da suke sa saiwa ta yi ƙulli-ƙulli. A bi bayansu da albasa ko masara. Tsutsar nan da manoma suka sa wa suna sharon, wadda ta cinye tumatirin Kano da Kaduna da Katsina a 2016, tana shiga cikin ganye ne ta yi fararen hanyoyi. A ƙaramin lambu ana iya duba ganye kowace safiya, a tsinke wanda ya kamu a ƙone. Ga ƙananan ƙwari kuma, a daka 'ya'yan darbejiya wajen giram 50, a jiƙa cikin lita 1 na ruwa ya kwana, a tace, a yayyafa da yamma. A wanke ganye sosai kafin a ci.

AIKIN HUTU

Muna so kowane ɗalibi da zai koma gida ya yi abu uku kafin ya dawo. Ya auna tsawo da faɗin rufin gidansu, ya lissafa lita nawa yake zubarwa a shekara. Ya zana taswirar gidan a takarda, ya nuna gabas da yamma, ya sa alamar inda inuwa take da ƙarfe 8, da ƙarfe 12, da ƙarfe 3. Sa'an nan ya yi kwana bakwai yana rubuta bokiti nawa na ruwan wanke-wanke da na wanka ake zubarwa a rariya kowace rana. 'Yan makarantar kwana waɗanda ba za su kasance a gida ba lokacin ban ruwa, su rubuta a ƙasan taswirar wanda ya yarda zai riƙa bayarwa, da jarka nawa ya ce zai iya ɗauka a rana. Da wannan adadi za mu yanka wa kowa girman kwaminsa a makon farko na sabon zango.